Farantin Sola Ko Janareta: Lissafin Da Ke Gaban Mazauna Zango Da Direbobi

DUK wanda ya taɓa kwana a Kara ta bakin Ikko, ko a dandalin tireloli na Ogere da ke kan hanyar Badun, ko kuwa a Mil 12, ya san cewa da an idar da sallar magariba sai wata irin ƙara ta tashi ta cika wuri, hayaƙi ya turnuƙe, har mutum ba ya jin na kusa da shi sai an ɗaga murya. Ƙarar nan ba ta komai ba ce illa ta ƙananan injunan ba da wuta, watau janareta, waɗanda mai shayi da mai tsire da mai cajin waya da mai aski kowa ya ajiye nasa a gindin tebur. Shekara da shekaru haka ake, har kunne ya saba. To amma tun daga 2023 ƙarar ta soma raguwa a wurare da dama, kuma wanda ya ɗaga kai zai ga waɗansu baƙaƙen farantai suna sheƙi bisa rufin kwano, bisa kwantena, wani lokaci har bisa kan tirela.

Dalilin wannan canji ba ɓoyayye ba ne. Ran 29 ga watan Mayu na 2023, a cikin jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin ranar ana sayen lita a wajen Naira 185 zuwa 195. Mako bai zagayo ba ta koma Naira 488 a Ikko, 537 a Abuja. A watan Oktoba na 2024 ta kai Naira 998 a Ikko, ta haura dubu a Abuja da garuruwan Arewa. Ko da yake fitowar man matatar Ɗangote ta sa farashin ya riƙa sauka yana hawa a cikin 2025, babu mai mafarkin ya koma inda ya fito.

Masu gidajen kansu a Ikoyi ko Bodija suna da tasu damuwar, amma ba ita ce a nan ba. Maganar ta shafi mutumin da ba shi da mita, ba shi da takardar haya: direban tirela da yaransa da kan yi mako biyu suna jiran lodi a Apapa, dillalin shanu mai kwana a rumfa, mai gadi a kangon da ba a gama ginawa ba, 'yan ci rani goma a ɗakin katako guda, makiyayi a rugarsa ta bayan gari a ƙasar Oyo. Irin waɗannan ko da wutar da har yau jama'a ke kira NEPA ta zauna daram dare da rana, wayarta ba ta iso gare su ba. Ɗan abin da mutum ya tara, shin ya sayi janareta da shi ne ko kuwa farantin sola? Kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne, domin kuwa sau da yawa kuɗin nan shi ne wanda aka yi niyyar aikawa gida don sayen taki.

ABIN DA MASU TAFI-DA-GIDANKA SUKA GANO

Abin mamaki shi ne, waɗanda suka fi daɗewa suna wannan muhawara ba a Afirka suke ba. A Amurka da Ostareliya da ƙasashen Turai akwai mutane masu ɗimbin yawa da ke da motocin tafi-da-gidanka, watau mota ce aka yi mata gado da murhu da firji da makewayi, mutum ya shiga da iyalinsa ya nufi daji ya yi kwanaki. Kowace shekara da sanyi dubban irin waɗannan motoci kan taru a hamadar da ke kewaye da wani ɗan gari mai suna Quartzsite a jihar Arizona ta Amurka, a filin gwamnati inda babu turken lantarki ko ɗaya, kuma akan ba da izinin dogon zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Waɗansu nishaɗi ne ya kai su, waɗansu tsofaffi ne da suka yi ritaya, waɗansu kuwa kuɗin haya ne ya fi ƙarfinsu suka koma kwana a mota, abin da mazaunin Ikko ba ya bukatar a yi masa bayani.

Mutanen nan sun gwada hanyoyin biyu shekaru masu yawa, kuma abin da suka gano a taƙaice ke nan. Wajen fitila da cajin waya da fanka da ɗan ƙaramin firji, farantin sola ya ci gari: ba ƙara, ba hayaƙi, ba zuwa gidan mai. Amma da zarar an kawo maganar na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke cin wat wajen 1,500, kuma sa'ad da za ta tashi ta nemi kusan ninkin haka, to rufin mota ba shi da faɗin da zai ɗauki farantan da za su riƙe ta dare da rana. Haka nan wanda ya sauka a ƙarƙashin itatuwa, ko ya gamu da hadari na kwana uku a jere, farantinsa ya zama ado. Saboda haka da yawa daga cikin masu dogon zama sukan riƙe biyun ne: faranti shi ne na kullum, janareta kuwa yana ajiye sai ranar da ta ɓaci. Hukuma ma ta matsa musu, domin galibin masaukan daji sun hana ta da inji daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, kana a 2021 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da aka sa 2028 ta zama shekarar daina sayar da sababbin ƙananan janareta masu hayaƙi.

Watau dai su ba su tsaya gardamar wanne ya fi wani ba. Sun tambayi kansu ne, wane kaya za a ɗora wa wutar, kuma a ƙarƙashin wane sama za a kwana. Tambayoyin nan biyu su ne ke gaban ɗan Arewa a Kurmi, sai dai shi yana da ta uku wadda Baturen ba shi da ita, za a zo kanta.

LISSAFIN DARE GUDA

Masu mita sun san abin da ake kira yunit: shi ne wutar da abu mai cin wat 1,000 zai sha cikin sa'a guda. To a ɗauki rumfar mai shayi ko ɗakin 'yan ci rani. Ƙwan fitila uku irin na zamani, kowane wat 10, na sa'a biyar, ya kama 150. Fanka mai wat 50 ta sa'a biyar, 250. Ƙaramar talabijin mai wat 40 ta sa'a uku, 120. Cajin wayoyi goma, wajen 130. An tashi da 650, watau kashi biyu cikin uku na yunit guda. Iyakar wutar da ɗakin ke sha ke nan a dare.

Ɗan ƙaramin janaretan nan da mutanen Kurmi suka laƙaba wa suna "na fi maƙwabcina", wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, yakan sha kimanin rabin lita a sa'a. Aibinsa shi ne, ko an ɗora masa kaya ko ba a ɗora ba, shan nasa ba ya raguwa sosai. Kamar a ɗauki hayar tirela ne don kai buhun albasa biyu. Sa'a biyar lita biyu da rabi ke nan. Lokacin da lita take Naira 185, kuɗin dare bai kai Naira 500 ba, shi ya sa ba wanda ya damu da lissafi. In aka ɗauki lita a Naira 900, dare guda ya zama Naira 2,250, wata ya zama 67,500, shekara ta haura Naira 800,000, ban da baƙin mai da fulogi da kuɗin makanike. Mai karatu zai tuna cewa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne.

Akwai wani abin takaici a cikin lissafin. A watan Afrilu na 2024, da aka ɗaga kuɗin wuta zuwa Naira 225 kowane yunit ga unguwannin da aka yi wa alkawarin wutar sa'a ashirin a rana, ƙasa ta ɗauki kuka, 'yan ƙwadago suka yi zanga-zanga. Alhali kuwa mai shayin nan da ke biyan Naira 2,250 don kashi biyu cikin uku na yunit, yana sayen yunit ne a kan fiye da Naira 3,000. Babu attajirin da ke biyan wuta da tsada irin tasa, kuma ba a taɓa yin zanga-zanga dominsa ba. Gaskiya ne da yawa sun rage sa'o'in ta da inji zuwa biyu ko uku, amma wannan ba sauƙi aka samu ba, zaman duhu ne aka ƙara.

Kuɗin man shekara guda ɗin nan ya isa ya sayi faranti mai wat 300, da batir mai kyau, da kwantirola, watau ɗan akwatin da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, har a sami canji. Faranti kuwa in na gaske ne masu yinsa kan ba da lamunin shekara 25. Saboda haka wajen fitila da fanka da waya da kilifar aski, har ma da keken ɗinki mai ɗan mota, maganar ta ƙare: ƙaramin janareta ya faɗi, kuma ba zai tashi ba sai in fetur ya koma farashin da.

Inda bai faɗi ba shi ne wajen zafi da sanyi da ƙarfi. Dutsen guga kan ci wat 1,000 ko fiye, haka ma abin dafa ruwa na lantarki. Babban firjin mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, musamman da azumi, kan sha yunit ɗaya zuwa biyu a rana cikin zafi, kuma yana fizgar wuta sa'ad da zai tashi. Mai walda da mai faci da mai markaɗe ba a ma maganarsu. Ana iya yi musu sola, amma kuɗin ya bar sahun mai tebur ya shiga na mai shago. Wanda mai sayarwa ya ce masa faranti ɗaya zai riƙe masa firji da dutsen guga, to ya riƙe aljihunsa ya yi gaba.

RANAR KURMI BA TA KANO BA CE

A nan ne 'yan Arewa da yawa ke yin asara, kuma dalilin shi ne sun yarda da abin da idonsu ya gani a gida. Mutum ya je hutun salla ya ga ƙanensa a Gumel ko Illela da faranti ɗaya yana kallo har tsakar dare, ga fanka tana juyawa har asuba, sai ya dawo Fatakwal ya sayi irinsa daidai, ya zauna jiran abin da ya gani. Watan Janairu da Fabrairu komai lafiya. Da Yuni ya kama sai fitila ta soma mutuwa ƙarfe tara, ya ce an cuce shi.

Wani lokaci lalle an cuce shi, domin kasuwa cike take da farantan da aka liƙa musu lambar da ta fi ƙarfinsu, da na gwanjo da suka gaji. Amma sau da yawa ba mai kaya ne ya ci amanarsa ba, sama ce. Masu awon hasken rana sukan tattara hasken yini guda su mai da shi sa'o'in cikakkiyar rana. A Kano da Sakkwato da Maiduguri abin kan kai wajen sa'a shida in aka raba a shekara. A Ikko huɗu da rabi ne zuwa biyar, a Fatakwal da Kalaba ya gaza haka, kuma a watannin Yuli da Agusta, lokacin da gajimare kan rufe gaɓar teku mako guda ba a ga inuwar mutum ba, yakan sauka ƙasa da huɗu. In aka cire abin da ke salwanta a waya da batir da zafi, wajen kashi talatin cikin ɗari, faranti mai wat 300 zai ba da yunit ɗaya da kwata a Kano, amma a damunar Kurmi da ƙyar ya ba da kashi uku cikin huɗu na yunit. Ranar da aka wuni ana ruwa kuwa ba zai ba da ko rubu'in ƙarfinsa ba. Ɗakin nan mai bukatar kashi biyu cikin uku na yunit ya tsaya ke nan a bakin gaɓa, kwana biyu na hadari sun isa su jefa shi duhu.

Abin nufi, wanda zai sayi faranti don Kurmi ya auna shi da watan Yuli, kada ya auna da watan Maris. Abin da faranti ɗaya zai yi a Katsina, a Warri sai ɗaya da rabi ko biyu. Kurmi dai tana da nata alherin, domin ruwan sama kan wanke farantin, ba kamar Arewa ba inda ƙurar hunturu kan lulluɓe shi sai an bi da tsumma. Sai dai a kula da inuwa, gama a wurin da rumfuna suka cushe, inuwar tankin ruwa ko ta igiyar shanya da ta faɗa kan gefe guda takan rage ƙarfin farantin fiye da girmanta nesa ba kusa ba. A kuma ɗan karkata shi, fuskarsa ta dubi kudu, don ruwa ya riƙa gangarewa.

Farantin ma ba shi ne tsadar sola ba, batir ne. Rana tana bayarwa da tsakar yini, mutum kuwa da dare yake so, to tilas a sami rumbun ajiya. Batir na dalma mai lamba 100 a kan bolt 12 yana ɗaukar yunit ɗaya da ɗan kai, amma rabin kawai ake so a sha. Wanda ke tatse shi ƙaf kowane dare zai binne shi kafin shekara. Zafi ma maƙiyinsa ne, kuma ɗakin kwano da rana tanda ne. Batirin mota, wanda mutane ke ɗauka don araha, ba don wannan aiki aka yi shi ba: an yi shi ne ya ba da ƙarfi na ɗan lokaci ya ta da inji, in aka mai da shi na kwana watanni kaɗan zai yi. Na litiyam ya fi tsada a ranar saye, amma ana shan kusan duk abin da ke cikinsa, yana jure caji sau dubbai inda na dalma ke jure ɗaruruwa, kuma nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, abin da ke da muhimmanci ga mutumin da kayansa a ka suke. Wani sauƙi kuma shi ne a sayi fitila da fanka masu aiki kai tsaye da bolt 12, a huta da inbata, domin ita kanta inbatar tana shan wuta ko ba a kunna komai ba.

Ba laifi a ɗan ratse a nan don 'yan jari bola, tun da yake mataccen batir hannunsu yake ƙarewa. Dalmar da ke cikinsa guba ce, ita ce ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, kuma a 2025 hukumomi sun rufe waɗansu masana'antun narka tsofaffin batura a Ogijo ta jihar Ogun saboda ita. Fasa batir da gatari a inda ake kwana ana girki, a zubar da ruwansa a ƙasa, ganganci ne da rai.

Direban tirela yana da hanya ta uku wadda masu tafi-da-gidanka suka daɗe suna bi. Muddin mota na tafiya, altanetarta na ba da wuta fiye da bukatarta, saboda haka in aka ajiye batir na biyu aka haɗa shi ta hanyar makunnin da zai raba shi da na tashi idan an tsaya, tafiya daga Kano zuwa Ikko ta isa ta cika shi. Matsalar ita ce zaman jira. Ko bayan tsarin kiran motoci ta waya da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fara a Apapa a watan Fabrairu na 2021, direba kan yi kwanaki a dandali. Ta da injin tirela yana tsaye don cajin waya kan ƙone man gas wajen lita uku a sa'a, man da a farkon 2024 ya haura Naira 1,500. Tatsar batirin tashi kuwa kowa ya san ƙarshenta, a wayi gari an kira lodi mota ta ƙi tashi. Ɗan faranti mai wat 100 da za a shimfiɗa bisa kan mota da rana a naɗe da yamma ya fi dacewa da wannan zama. Masu tanka kuwa bai kamata janareta ya kusance su ba ko kaɗan.

HAYAƘIN DA BA YA WARI

Akwai wani farashi na janareta da ba a rubuta shi a rasit. A cikin hayaƙinsa akwai wata iska da ba ta da launi, ba ta da wari, wadda in ta taru a ɗaki takan shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamunta ciwon kai ne da jiri da amai da kasala, mai barci kuwa ba ya ma farkawa ya ji su. Sau nawa aka fasa ƙofa aka tarar da gida guda sun mutu, aka ce abinci ne aka sa wa guba ko kuwa aikin iska ne, alhali ga injin can a lungu mai ya ƙare masa? A watan Mayu na 2024 mutum bakwai, galibinsu samari, suka mutu a dare guda a wani ɗakin ɗaukar waƙa a Yenagoa ta jihar Bayelsa ta wannan hanya.

Masana sun ce a ajiye inji a waje, nesa da ƙofa da taga da aƙalla ƙafa 20. To ina mazaunin zango zai sami ƙafa 20? Rumfarsa ta jingina da ta wani, ruwa na zuba, ɓarawo na zagaye. Abubuwan nan uku su ke sa a jawo inji cikin ɗaki ko a sa shi a baranda a rufe ƙofa, kuma damunar Kurmi wata bakwai ce ko fiye. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa wutar kwana ta koma kan batir, inji ya zama na rana sa'ad da idon kowa biyu.

RUFIN WANI

Tambaya ta uku, wadda Baturen Arizona ba shi da ita, ita ce: wa ke da rufin, kuma har yaushe za a bar mutum a ƙarƙashinsa? Baturen motarsa tasa ce, izininsa na aljihu. Ɗan Arewa a Kurmi kuwa ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021, inda rikici ya tashi aka ƙone rumfuna da gidaje, jama'a suka watse da abin da hannu ya iya ɗauka. Ya ji wa'adin kwana 14 da Gwamnatin Jihar Legas ta ba mazauna Alaba Rago a watan Mayu na 2022. Ya ji kuma a ƙarshen 2023 Gwamnatin Abiya ta ce kasuwar shanu ta Lokpanta za ta koma ta yini kawai, ba kwana. Mutumin da ya san ana iya tashinsa gobe ba wauta ce ke sa shi riƙe janareta ba. Inji ana saɓa shi a kafaɗa a ruga. Gilashin da ya kai tsawon ƙofa, mai nauyin kilo wajen ashirin, wanda aka kafe bisa rufi, ba ya bin mai gudu. Bugu da ƙari inji ɗaki yake kwana, faranti kuwa a waje yake dare da rana yana kiran ɓarawo, ga mai gida ko yaran unguwa masu karɓar kuɗin ƙasa da za su ga abu ya hau rufi su ce haya ta ƙaru.

Ga mutum ɗaya maganin shi ne ƙanana biyu sun fi babba ɗaya, a ɗaure su da noti yadda za a kwance cikin minti kaɗan, kada a yi musu walda, batir da kwantirola kuwa su zauna cikin akwati guda mai mariƙi. Amma babban magani na jama'a ne. A kasuwar Sabon Gari ta Kano, bayan gobarar 2016 da ta cinye dubban shaguna, an kafa farantai bisa rufin kasuwa a 2018 ƙarƙashin wani shiri na Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, aka ja waya zuwa shaguna, kowa na biyan gwargwadon abin da ya sha. Abin ya yiwu ne don kasuwar tana da takarda, kamfani ya san shekara goma masu zuwa tana nan. Babu mai zuba jarinsa a rufin da aka ba wa'adin kwana 14. Ashe ke nan maganar wuta a zango maganar takardar zama ce, kuma Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da ke zama da gwamnoni sun fi kusa da makunnin fiye da kowane mai sayar da faranti.

Gwamnatin Tarayya kuwa rawarta ba ta bin kiɗa guda. A 2015 Hukumar Kwastan ta hana shigo da ƙananan janareta, amma ba su ɓace daga kasuwa ba. A watan Maris na 2020 Sanata Bima Enagi na jihar Neja ya kawo ƙudurin hana janareta har da ɗaurin shekara goma, bai zama doka ba. A watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya amince da bashin Dala miliyan 750 don kai wutar sola da makamantanta ga 'yan Nijeriya miliyan 17 da rabi. Sai ga shi a watan Maris na 2025 Ministan Kimiyya na lokacin, Uche Nnaji, ya ce za a hana shigo da farantai don a ƙarfafa masu yi a gida, a shekarar da aka ware Naira biliyan 10 don sa wa Fadar Shugaban Ƙasa sola. Maganar ta sha suka, farantai kuma suka ci gaba da shigowa: wata ƙungiyar bincike mai suna Ember ta ƙiyasta cewa cikin wata 12 zuwa Yunin 2025 Nijeriya ta sayo na megawat wajen 1,700 daga ƙasar Sin, ta zama ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Gina masana'anta a gida abu ne mai kyau, amma rufe ƙofa kafin masana'antar ta iya cika kasuwa zai ɗora tsadar ne a kan mai shayi, wanda faɗuwar Naira daga wajen 460 a kan Dala zuwa fiye da 1,500 tsakanin 2023 da 2024 ta riga ta cinye masa rangwamen da farashin faranti ya yi a duniya.

Saura maganar kuɗin farko, wadda ita ce ainihin ƙarfin janareta: shi yana karɓa kaɗan kaɗan kullum, sola kuwa tana so a dunƙule a ba ta gaba ɗaya. Akwai kamfanonin da ke ba da kaya a riƙa biya mako mako ko wata wata, in an daina biya akwatin ya kulle kansa, sai dai sukan nemi adireshi da mai tsaya wa mutum, abubuwan da ɗan ci rani ya fi rasawa. Adashi bai san wannan sharaɗi ba. Mutum goma da kowannensu ke ƙona Naira 2,000 a dare, in suka riƙa zuba rabinta, wata guda sun tara Naira 300,000, kuma duk wanda ya ɗauka ya kafa nasa, kuɗin mansa ya ragu, zubin ya yi masa sauƙi. Wanda ɗauka ta zo kansa ya fara da batir na kirki, ya sa a gwada masa faranti da mita da tsakar rana a gabansa kafin ya biya, kada kuma ya sayar da tsohon injinsa sai ya ga bayan watan Agusta.